Ra'ayinmu: Takardar Magani a Aljihu Ba Ta Warkar da Kowa

 A wannan fitowar mun ɗan matsar da labarin wasanni da kacici-kacici gefe guda, domin mu ba da fili ga wata magana da ta shafi kowane gida: kuɗin magani.

Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya asibiti ya san ganin likita ba shi ne ƙarshen wahala ba. A yanki kati, a bi layi, likita ya duba, ya rubuta magani. Daga nan sai a nufi tagar karɓar magani ko kemis na bakin titi, a faɗi kuɗi. A nan jinyar mutane da yawa take tsayawa. Wani ya ce a ba shi rabi. Wani ya ce a zaɓar masa mafi muhimmanci a cikin ukun da aka rubuta. Wani kuwa ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce sai albashi ya shigo ko sai an sayar da amfanin gona.

Matsayinmu a kan wannan magana shi ne: akwai magungunan da gwamnati ta yafe kuɗinsu gaba ɗaya, akwai kuma waɗanda doka ta tanadi a rage wa mutum nauyinsu, amma gidajenmu da yawa ba su san da su ba. Neman wannan tallafi hakki ne, babu abin kunya a cikinsa. Sannan a cikin duk tsare-tsaren da aka yi, ɗan sakandare ne aka fi mantawa da shi, don haka ya kamata makaranta ta shiga maganar.

Me ya sa magani ya yi tsada?

Ana ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na magungunan da ake sha a Najeriya daga ƙasashen waje ake shigo da su. Waɗanda ake haɗawa a cikin gida ma, yawancin sinadaransu daga Indiya da Sin ake sayo su, kuma da dala ake biya. A watan Yunin 2023 gwamnati ta bar kasuwa ta yanke darajar naira. Dalar da ake canjawa a kan naira 460 da 'yan kai a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Idan kuɗin sayo kaya ya ninka sau uku, mai kemis ba zai sayar a tsohon farashi ba.

A watan Agustan 2023 kamfanin GSK, mai yin Augmentin da Ventolin, ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a ƙasar nan. Kafin shekarar ta ƙare kamfanin Sanofi ma ya ce zai koma sayar da kayansa ta hannun dillali. Masu ciwon asma da suka dogara da abin shaƙa su suka fi kowa ji a jikinsu, domin kuɗinsa ya ninninka cikin 'yan watanni.

A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan wani umarni da ya cire harajin shigo da kaya daga kan sinadarai da injunan haɗa magani na tsawon shekara biyu. Wannan ma tallafi ne, sai dai kamfani ne yake fara karɓarsa, kuma kafin sauƙin ya gangaro kan kantar mai kemis na unguwa yana ɗaukar lokaci. A halin yanzu, sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Ma'ana, ranar da ciwo ya zo, ranar ake neman kuɗin, ko akwai ko babu.

Abin da rabin magani yake jawowa

Wani zai ce ai rabi ya fi babu. A wajen tuwo haka ne, a wajen magani kuwa sau da yawa rabi ɓarna ne. Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi bayarwa yanzu sau shida ake shan sa cikin kwana uku. Wanda ya sha sau biyu ya ji zazzaɓi ya sauka ya ajiye sauran domin ƙanensa, bai kashe ƙwayar cutar duka ba. Bayan mako ɗaya ko biyu ciwon yakan dawo, a sake sayen wani. Haka maganin kashe ƙwayoyin cuta: idan aka katse shi a tsakiya ba da izinin likita ba, ciwon na iya dawowa, kuma wasa da irin wannan magani na cikin abin da ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin sa, sai an koma wanda ya fi tsada.

Akwai kuma ciwukan da maganinsu na kullum ne. Mai sikila, mai asma, mai farfaɗiya, mai ciwon suga, duk akwai su a makarantu irin tamu, wasu mun sani, wasu suna ɓoyewa. Najeriya ce ƙasar da ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila a duniya, ana ƙiyasta jarirai 150,000 ake haifa da ita a kowace shekara. Ɗalibin da ya rasa maganinsa na wata guda zai iya rasa darasin mako biyu. Idan hakan ya faɗo lokacin jarrabawar WAEC ko NECO, shekara ce ta tafi. A gida kuma, idan hawan jini ya kwantar da uba saboda ya daina shan magani, kuɗin makarantar 'ya'yansa na cikin abin da zai fara tsayawa. Shi ya sa muke ganin maganar magani maganar karatu ce.

Magungunan da ba a biyan ko kwabo

Bari mu jero waɗanda ya kamata kowane ɗalibi ya haddace, ya kai labarinsu gida.

Na farko, tarin fuka. Gwajin majina da maganin duka kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta ware, kuma akwai su a asibitocin gwamnati da dama har da wasu masu zaman kansu. Wata shida ake shan maganin ba fashi. Duk wanda tari ya haura masa mako biyu ya je a gwada shi, akwai ma layin waya na kyauta, 3340, domin neman bayani. Wanda ya yanke magani a tsakiya zai iya kamuwa da nau'in da ba ya jin magani, mai doguwar jinya.

Na biyu, maganin rage kaifin cuta mai karya garkuwar jiki. Tun 2006 gwamnatin tarayya ta mayar da shi kyauta. Na uku, maganin kuturta, shi ma kyauta ne. Na huɗu, alluran rigakafin yara, daga ta tarin fuka da ake yi wa jariri zuwa ta ƙyanda da ɗigon shan-inna. A watan Oktoban 2023 an ƙara da rigakafin sankarar bakin mahaifa ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, wato sa'o'in ƙannenmu na ƙananan azuzuwa.

Na biyar, a lokacin damina ma'aikata suna bi gida-gida a jihohin Arewa suna ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, sau ɗaya a wata. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da take ɗauke da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya. Na shida, maganin tsargiya da na tsutsar ciki da ake rabawa a makarantu. Na bakwai, aikin yoyon fitsari kyauta ne a cibiyoyi irin ta Babbar Ruga da ke Katsina. A watan Nuwamban 2024 kuma Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka amince da su.

Idan wani ya nemi kuɗi a kan maganin tarin fuka ko allurar rigakafi, ba farashi yake faɗa ba, haramtaccen abu yake yi, kuma ya kamata a kai ƙararsa wajen shugaban asibitin ko sashen lafiya na ƙaramar hukuma.

Abin da doka ta tanada

Sauran magunguna ba kyauta ba ne ga kowa, amma akwai ƙofofin rangwame. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake kira BHCPF a taƙaice. Dokar ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Ta kuma raba kuɗin: rabi domin biya wa jama'a kuɗin jinya ta hanyar inshora, kashi 20 domin magunguna da alluran rigakafi da kayan aiki, sauran domin gyaran asibiti, ma'aikata da agajin gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta samu asibitin sha-ka-tafi guda da zai riƙa karɓar wannan kuɗi, inda wanda aka yi wa rajista zai ga ma'aikacin lafiya ya karɓi magani ba tare da ya biya ba. Wannan dokar dai ita ce ta hana asibiti ƙin karɓar mara lafiya a halin gaggawa.

A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da tsohuwar hukumar NHIS zuwa NHIA. Dokar ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma kafa asusu na musamman domin masu rauni: yara 'yan ƙasa da shekara 5, mata masu juna biyu, tsofaffi, masu nakasa da marasa galihu. Lokacin sa hannun an ce mutum miliyan 83 ake son asusun ya ɗauka.

Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke cikin tsarin yana biyan kashi 10 cikin 100 ne kawai na kuɗin maganin da ke cikin jerin hukumar. A ce maganin naira 10,000 aka rubuta, naira 1,000 zai bayar. Jihohi ma suna da nasu hukumomin, waɗanda a Arewa aka fi sani da tsarin taimakekeniya: KSCHMA a Kano, KADCHMA a Kaduna, JICHMA a Jigawa, SOCHEMA a Sakkwato, haka sauran. Ɗan kasuwa, manomi ko mai sana'ar hannu zai iya shiga ta hanyar biyan kuɗin shekara. Tsarin kamar adashi ne, sai dai wanda ciwo ya kama shi ne yake ɗauka.

Manyan asibitocin gwamnati kuma suna da sashen walwalar marasa lafiya, wanda aikinsa ne ya binciki halin wanda ya kasa biya, ya nema masa rangwame ko taimako. Mutane da yawa suna wuce ƙofar wannan ofis da takardar magani a hannu ba su san abin da ake yi a ciki ba.

Inda aka bar ɗan sakandare

Yanzu mu sake duba jerin nan da kyau. Ɗan ƙasa da shekara 5 yana ciki. Mai juna biyu tana ciki. Tsoho yana ciki. Ɗalibin jami'a ko kwaleji yana da nasa shirin, TISHIP, wanda ake haɗa kuɗinsa da na rajistar makaranta. To ɗan shekara 14 da ke aji uku fa? Dokar ba ta ambace shi da suna ba. Sai dai ya shiga ta ƙofar marasa galihu ko masu nakasa, ko ya raɓa da katin mahaifinsa.

Katin mahaifin ma yana da iyaka. Tsarin ma'aikatan tarayya yana ɗaukar ma'aikaci, da matarsa ɗaya, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. A gidan da ake da 'ya'ya tara ko goma sha biyu, kamar yadda yake a gidajenmu da yawa, sai uba ya zaɓa, sauran kuma sai an biya musu daban. Ɗalibin aji shida da ya cika 18 ya fita daga katin, alhali ko sisi ba ya samu. Yawancin iyayenmu ma ba ma'aikatan gwamnati ba ne balle a yi maganar kati.

Wasu ƙasashe sun toshe wannan giɓi. Ghana ta kafa inshorar lafiyarta a 2003, kuma 'yan ƙasa da shekara 18 ba sa biyan kuɗin shekara, haka 'yan shekara 70 zuwa sama. A Ingila, inda babba yake biyan ƙayyadadden kuɗi a kan kowane magani da likita ya rubuta, an yafe wa 'yan ƙasa da 16, da 'yan 16 zuwa 18 muddin suna makaranta, da 'yan 60 zuwa sama. Dalilin a fili yake: ɗalibi ba shi da abin hannu, kuma ƙasa ce za ta yi asara idan ciwo ya raba shi da aji. Idan Ghana, maƙwabciyarmu a Afirka ta Yamma, ta iya sa ɗan makaranta a lissafi, ba mu ga abin da zai hana mu ba.

Abin da masu suka suke cewa

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma wasu hujjojinsu suna da nauyi.

Hujja ta farko: ko ka yi rajista, idan ka je sai a ce babu, ka je waje ka saya. Wannan yana faruwa, ba mu musa ba. Jamhuriyar Nijar ta yafe kuɗin jinya ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 tun 2006, iyaye suka yi tururuwa, amma gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci kuɗin da suka kashe, bashi ya taru, kantoci suka bushe. Darasin da ke ciki shi ne yafe kuɗi a baki ba ya wadatarwa sai an biya asibiti a kan lokaci. Amma maganin wannan matsala shi ne a matsa a biya. Idan mutane suka ƙaurace wa rajista saboda fushi, sun sauƙaƙa wa masu karkatar da kayan ne, domin babu wanda zai zo ya tambayi inda rabonsa ya shiga.

Hujja ta biyu: kayan kyauta ba ya da kyau. Wannan kuskure ne. Maganin tarin fuka da na cuta mai karya garkuwar jiki da ake bayarwa kyauta an saye su ne da kuɗi masu yawa daga kamfanonin da aka tantance. Mara lafiya ne bai biya ba, amma wani ya biya. Wanda ya fi haɗari shi ne maganin da mai talla yake yawo da shi a tire cikin rana, ko wanda ba shi da lambar rajistar NAFDAC. Arha irin wannan ita ce Bahaushe ya ce ba ta ado.

Hujja ta uku ita ce kunya. Mutum ya ce shi ba zai je a rubuta sunansa cikin marasa galihu ba. Muna girmama wannan ɗabi'a ta kame kai, amma a nan an ajiye ta ba a wurinta ba. Kuɗin asusun nan na jama'a ne. Daga arzikin ƙasa da harajin da kowa yake biya suka fito, har da wanda ake ɗora wa kayan da iyayenmu suke saya a kasuwa. Wanda ya karɓi magani daga ciki bai roƙi kowa ba. Babu wanda yake jin kunyar zama a kan bencin makarantar gwamnati, to maganin asibitin gwamnati ma haka yake.

Hujja ta huɗu: ina gwamnati za ta samo kuɗin? Tambaya ce mai kyau. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa kai wannan adadi ba, yawancin shekaru ko rabinsa ba ta kaiwa. Sannan babban kaso na magungunan kyautar da muka lissafa da taimakon ƙasashen waje ake sayen su. Da Amurka ta dakatar da tallafinta a watan Janairun 2025, sai da Majalisar Tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya domin cike giɓi. Wannan ya nuna abu biyu: dogaro da tukunyar maƙwabci haɗari ne, kuma idan an matsu, kuɗin yana fitowa.

Abin da muke nema

Daga 'yan'uwanmu ɗalibai: mu ne masu karatu a gidajenmu da yawa. Mu ne muke karanta wa kaka takardar asibiti, mu duba saƙon waya, mu cike fom. Kowannenmu ya tambaya a gida a wannan makon: shin muna cikin wani tsarin taimakekeniya? Idan ba ma ciki, ya je asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarsu tare da wani babba, ya tambayi ko ana rajistar masu rauni da abin da ake buƙata. Akan nemi lambar NIN, don haka wanda ba shi da ita ya fara da ita.

Idan an rubuta magani mai tsada, a tambayi likita ko mai ba da magani cikin ladabi ko akwai irinsa na wani kamfani mai sauƙin kuɗi. Panadol suna ne na kamfani, sinadarin da ke ciki farasitamol ne, kuma kamfanoni da yawa suna yin sa. Haka magunguna da dama suke. Amma ma'aikacin lafiya ne zai canja, ba mu ba. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Idan kwalin yana da wurin kankarewa, a kankare a tura lambar ta waya domin a tabbatar da ingancinsa. Kada a raba maganin da aka rubuta wa mutum ɗaya tsakanin mutum biyu. Kuma mu daina tsokanar abokinmu mai farfaɗiya ko mai sikila, domin tsokana tana cikin abin da ke sa su ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinsu.

Daga malamanmu: muna roƙon a ware ko da minti goma a taron safe sau ɗaya a zango domin wannan bayani. Malaman kimiyyar halittu da na ilimin zamantakewa za su iya sa shi cikin darasi. Malamin aji shi ya fi kowa sanin ɗalibin da yake yawan fashi. Kafin a ɗaga bulala, a tambaye shi a keɓe ko lafiya. Mai yiwuwa amsar tana cikin wata takarda da ke ninke a aljihun mahaifinsa.

Daga hukumar makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai: a rubuta wa hukumar taimakekeniya ta jiha a gayyato jami'anta ranar taron iyaye, su yi bayani su kuma yi rajista a nan take. A tambaye su ko makaranta za ta iya shigar da ɗalibanta a ƙungiyance. A buɗe rajista ta sirri ta ɗaliban da ke da ciwo mai buƙatar magani kullum, wadda shugaban makaranta da mai kula da ɗakin shan magani kaɗai za su gani. A kuma kafa ɗan ƙaramin asusu, tsofaffin ɗalibai da masu hali su riƙa sa abin da ya sauwaƙa, a riƙa karanta lissafinsa a gaban iyaye kowane zango. Masu fitar da zakka da sadaka a unguwanninmu ma su tuna cewa sayen maganin wata guda ga yaro mai sikila yana iya zama abin da zai riƙe shi a makaranta.

Daga gwamnati: a sa ɗaliban firamare da sakandare a jerin waɗanda aka yafe wa kuɗin magani, kamar yadda aka yi wa ƙannenmu 'yan ƙasa da shekara 5. Idan ba za a iya ɗaukar kowa lokaci guda ba, a fara da masu sikila, asma, farfaɗiya da ciwon suga. A sake duba iyakar 'ya'ya huɗu ta yadda za ta dace da gidajen da muke ciki. A liƙa jerin magungunan kyauta da Hausa, da boko da ajami, a ƙofar kowane asibiti, tare da lambar wayar da za a kai ƙara. A biya asibitoci kuɗinsu a kan lokaci, a kuma hukunta duk wanda aka kama da sayar da abin da aka rubuta ba na sayarwa ba ne.

Mu a wannan ƙungiya za mu fara da abin da ke hannunmu. Jerin magungunan kyauta zai zauna a gefen wannan allo har ƙarshen zango, duk mai so ya kwafa ya kai gida. Akwatin wasiƙunmu yana nan a buɗe ga wanda yake da tambaya ko yake da ra'ayin da ya saɓa wa namu, ba sai ya sa suna ba. Tambayoyin da suka taru za mu kai su ga ma'aikacin lafiya, mu liƙa amsoshin a fitowa ta gaba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara mana da mu da malamanmu.

Kwamitin Editoci
Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta